Ya Ƙi Karɓa

A ofis Baba Tara ake ce masa, domin shiyya ta tara yake raba wa wasiƙu tun kafin a sa wa ginin fanka. A titi kuwa Wasiƙa ne kawai. "Wasiƙa, akwai tawa?" "Wasiƙa, yau ma wuce mu za ka yi?" Shekara ashirin da shida yana amsa wannan suna, har ta kai ko mutane na hirarsu ta daban, in kalmar ta fito daga bakin wani sai ya waiga. Bajon da ke ƙirjin rigarsa da can akwai rubutu a jiki, amma rana da sabulu sun cinye shi tas, ya koma farar roba, kuma ba wanda ya taɓa cewa a sake masa wani.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Da safe a zazzage buhuna a kan dogon tebur, kowa ya tsaya gaban ramukan katako yana jefawa. Ma'aikacin gidan waya ba ya karanta ambulan kamar sauran mutane. Daga ƙasa yake farawa ya yi sama: gari, unguwa, titi, lambar gida. Suna shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa hannu ya riga ya jefa kafin ido ya kai kansa. Daga nan kowa ya ɗaure nasa da roba, ya cusa a jaka, ya hau keke. Sauran kuma tsakaninka ne da rana, da karnukan manyan gidaje, da ƙofofin da aka shafe musu lamba garin fenti, da benaye masu hawa biyar, waɗanda kullum mai wasiƙar a hawa na biyar yake zaune, Allah kaɗai ya san dalili.

A da, in ya kaɗa ƙararrawar kekensa, har leƙowa ake yi ta taga. Yanzu kowa labarinsa na cikin aljihunsa. Abin da ya rage wa jaka sai takardun kotu, da na asibiti, da na makarantu, da kwalayen kayan da mutane suka saya ta waya suka manta sun saya. Mutum ya gan shi a ƙofar gida sai ya fara tunanin laifin da ya yi. Ya sa hannu a tsaye, ya ce an gode, ya rufe ƙofa tun kafin Baba Tara ya gama mayar da biro aljihu.

Ɗakinsa yana can ƙarshen wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, kusa da famfo. Gado ɗaya, risho, rediyo, rigunan aiki biyu a jikin ƙusa, sai keken, wanda tare suke kwana. Mutanen gidan ba su da laifi. Tela na gaishe shi, matar direba takan kwashe masa shanya in hadari ya taso, malamar makaranta takan tambaye shi ko yaya ƙafa. Amma yana fita kafin su buɗe ƙofa, ya dawo a gajiye ya shige, kuma gaisuwa ba zama ba ce. Gidan ma ba a shiyyarsa yake ba. Yana cikin shiyya ta huɗu, ta Sai-Gobe.

Shi Sai-Gobe mutum ne mai tumbi da 'ya'ya biyar da dariyar da ake ji daga bakin titi. Sunan ya samo asali ne daga halinsa: duk takardar da ya ga za ta sa shi hawa bene, sai ya juya ta ya ce, "Wannan kam sai gobe." Shekara goma sha ɗaya suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Baba Tara a gaban ramukan nan, suna shan shayi a benci ɗaya. In za a ce Baba Tara yana da aboki a duniya, to shi ne.

Kuma Baba Tara ne ya koya masa aiki, har da abin da ba a rubuta a littafin aiki ba. Wasiƙar rajista, wato wadda sai mai ita ya sa hannu ake ba shi, tana zuwa da 'yar takarda manne a baya, mai gida huɗu: ya tashi, ya rasu, ba a san shi ba, ya ƙi karɓa. In ba ka samu mutum ba, ɗaya za ka ja wa layi. Na uku shi ne bala'i. Kafin a yarda ba a san mutum ba, sai ka je sau uku a rana uku, ka samo maƙwabta biyu su sa hannu, sannan takardar ta yi mako biyu a aljihun teburinka tana kallonka. Na huɗun kuwa layi ɗaya ne, shi ke nan, gobe tana cikin buhun komawa. Wata rana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Sai-Gobe yana sabo, ya dawo jiƙe sharkaf yana neman yin kuka a kan wata takarda, sai Baba Tara ya karɓi biron ya nuna masa.

"In ka gaji, ja wa wannan. Ba mai tambayarka. Wa zai taso daga wani gari ya zo ya ce ƙarya kake?"

Ya faɗa ne don tausayi, kuma ya manta ya faɗa.

To, ana nan, wata Asabar da la'asar yana zaune bakin ƙofa yana liƙe tayar keke, sai yayarsa ta kira shi a waya. Ita kaɗai ta rage masa a dangi na kusa, kuma ba ta iya kewaye-kewaye ba.

"Kai, ajiye abin da ke hannunka. 'Yarka ta zo wurina."

Ya ajiye. A gaskiya tayar ce ta zame da kanta.

'Yar tasa ita kaɗai Allah ya ba shi. Uwata yake ce mata, domin sunan mahaifiyarsa gare ta. Tana da shekara bakwai uwarta ta tafi da ita wani gari mai nisa, bayan aure ya mutu. Laifin wa? Ita ta ce nasa, shi ya ce nata, amma duk wanda ya san shi ya san mutum ne da magana ke maƙale masa a maƙogwaro har lokacinta ya wuce. A tashar mota ya durƙusa ya ce wa yarinyar, "Zan rubuto miki, Uwata. Ai kin san ni da wasiƙa." Ya sayi takarda, ya sayi ambulan, kan sarki kuwa a ofis yake. Ya ce sai ransa ya huce. Da ya huce sai ya ce ai an daɗe, da me zai fara? Mutumin da ke ɗauke da wasiƙa ɗari biyu a kafaɗa kullum ya kasa rubuta guda ɗaya, har shekara goma sha tara.

"Ta girma, tana aikinta, ba ta neman komai a wurinka," in ji Yaya. "Adireshinka ta karɓa. Na ce ga lambar wayarka, ta ce a'a. Ta ce wanda ya yi mata alkawarin wasiƙa, da wasiƙa za ta neme shi. Kuma ka saurara da kyau: sau ɗaya ta ce. In ka amsa, to. In ba ka amsa ba, ta fita hakkinka, kar wanda ya ƙara yi mata zancenka."

"Yaya, me za ta ce a ciki?"

"Ni na rubuta? Ka jira mana, ai sana'arka ce."

Sana'arsa kawowa ce, ba jira ba, kuma sai yanzu ya gane bambancin. Daga ranar Litinin ya fara zuwa ofis kafin kowa. Da an gama jefawa, Sai-Gobe ya fita neman shayi, sai ya matsa ramin shiyya ta huɗu kamar mai neman roba, ya bi ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Karo na farko a rayuwarsa yana karantawa daga sama. Takardar wutar lantarki ta tela, ta makarantar malama, wani kwali na matar direba. Babu tasa.

Me ya hana shi buɗe baki ya ce, "Sai-Gobe, ina jiran wasiƙa, ka sa mini ido"? Kunya ce, ba wani abu ba. In ya faɗa, sai an tambaye shi daga wa. In ya ce daga 'yarsa, sai ofis ya ɗauka: ashe Baba Tara na da 'ya? Tana ina? Me ya raba ku? Ya gwammace ya yi ta laluben ramin mutane kamar ɓarawo.

Mako ɗaya, mako biyu. Ya sayo sabon biro ya ajiye a kan rediyo. Ya wanke labulen ɗakinsa, ko da yake wasiƙa ba ta da ido. A kan keke yakan tsara amsar da zai ba ta, tun bai san tambayar ba, har wata rana ya wuce titi guda cur bai tsaya ba, sai da wata tsohuwa ta ƙwala masa kira. A mako na uku ya fara cewa a ransa ƙila ta fasa. Ya ji zafin haka, amma can ƙasa ya ji wani ɗan sauƙi, kuma ya ji kunyar sauƙin.

Ran Laraba ta mako na huɗu suna benci da azahar, kowa da kofinsa, Sai-Gobe na tausa gwiwa yana ƙorafin duniya kamar kullum.

"Mutane ba su da kirki, Baba Tara. Mutum ya zauna a gida shekara da shekaru, maƙwabcinsa bai san shi ba. Kai, ko gidanku ma! Kwanaki na kai wata rajista, har sau biyu, ka ji ni da ƙoƙari. Na tambayi tela, ya ce bai taɓa jin sunan ba. Matar direba ta ce ko wanda ya tashi bara ne. Malama ta juya ambulan ta ce babu mai wannan suna a gidan. Na ce bari in tambaye ka, sai na sha'afa."

Baba Tara ya ajiye kofi a hankali.

"Rajista?"

"Rajista. Rubutun mace, mai kyau, a tsaye kamar na ɗab'i."

Rajista ba ta shiga ramukan katako. A kejin ƙarfe na ofishin shugaba take kwana, da safe a miƙa wa mai shiyya hannu da hannu. Ya san haka kamar yadda ya san sunansa. Kuma a take ya tuna wata 'yar yarinya zaune a kan ƙarfen kekensa tana wasa da jar takardar da ake mannawa, yana ce mata, "Maganar da kike tsoron ta ɓace, rajista ake yi mata, Uwata." Shi ya manta. Ita ba ta manta ba.

"Wane suna ne a jiki?"

Sai-Gobe ya ɗaga kai yana tunani, sannan ya faɗa. Ya faɗe shi daidai, da na mahaifi, ba gargada, kamar yadda ake karanta sunan baƙo. Baba Tara ya daɗe bai ji wani ya furta shi ba, har ya ji kamar an kira wani mamaci.

"Ka san shi ne?" in ji Sai-Gobe.

"Ni ne."

Sai-Gobe ya fara dariya, ya ga ba dariya a fuskar da ke gabansa, sai ya katse ta. Ya kalli farin bajon da ke ƙirjin Baba Tara, kamar zai ga wani abu a jiki.

"Kai ne wa? Baba Tara, don Allah... Ai ni... Shekara goma sha ɗaya, wallahi ban taɓa..."

"Tana ina?"

"Ai ta koma. Yau kwana tara."

"Kwana tara? Ba a san shi ba ai mako biyu take yi a tebur. Tana teburinka. Tashi mu duba."

Sai-Gobe bai tashi ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon cikin kofi, wannan ƙaton mutum, kamar yaron da ya fasa tulu.

"Wanne ka ja wa layi?"

Sai-Gobe ya juya kofin a hannunsa.

"Na ce wanne ka ja?"

"Gwiwar nan ce ta dame ni ranar," in ji Sai-Gobe a hankali. "Na huɗun na ja. Yadda ka koya mini."

Ba a yi faɗa ba. Da ma an yi, da ya fi sauƙi. Baba Tara ya miƙe ya shiga wurin shugaba, wadda ta saurare shi da biro a baki, ta buga waya babban ofis, ta jira, ta sake bugawa. Aka ce an mayar, mai aikowa ta sa hannu ta karɓa tun shekaranjiya. Gidan waya da ke iya riƙe takarda wata uku a hanya, wannan karon ya yi aikinsa kamar walƙiya. Shugaba ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, ta ce za a ja kunnen mai shiyya ta huɗu. Ya ce a bar shi. Ta buɗe baki za ta kira shi da suna don ta nuna kulawa, sai ya ga idonta ya sauka kan bajon, ya dawo.

"Ka yi haƙuri, Baba Tara," ta ce.

Jakarsa na nan da sauran rabin aiki, don haka ya hau keke ya raba. Ya hau bene mai hawa biyar, ya miƙa wa wani mutum takardar kotu, mutumin ya harare shi. Da ya sauko ya jingina keke a jikin wata bishiya ya kira Yaya. Ita ta riga shi magana.

"Kai wane irin mutum ne? Ni ka kunyata! Ta turo mini hoton ambulan ɗin. Ya ƙi karɓa, ga tambarin ofishinku ɓaro-ɓaro!"

Ya yi mata bayani. Ya yi shi a birkice, ya fara daga tsakiya, ya koma kan keji da ramuka da gwiwar Sai-Gobe. Yaya ta ce to, bari ta gwada. Kafin ya gama titi biyu ta sake kira, muryarta ta sauka.

"Na faɗa mata. Ta ce, 'Gwaggo, a ofishin da ya shekara ashirin da shida ne ba a san sunansa ba? A gidan da yake kwana ne ba a san shi ba? Ki bari, don Allah. Ya nemi wata ƙaryar.' Ta ce in na ƙara, ni ma za ta daina ɗaukar wayata." Ta ja numfashi. "Ni kaina, ƙanena, da ba na san ka ba, da ban yarda ba."

Ai kuwa. Wa zai yarda? Gaskiyar ta fi ƙarya muni, kuma ta fi ta wuyar shiga kunne.

"Yaya, ba ni adireshinta."

"Ta hana."

"Ban ce ki ba ni lambarta ba. Adireshi na ce. Ni ma'aikacin gidan waya ne."

Ta yi masifa ta ƙoshi, sannan ta karanto masa. Ya rubuta a bayan hannunsa, daga ƙasa zuwa sama.

Ranar Lahadi da hantsi ya jawo kujera gaban taga, ya ɗauko sabon biron. Ya ɓata takarda shida. Ta farko duk bayanin gida huɗu ne da dokar rajista, ya karanta ya ji kamar sanarwar ofis. Ta biyu ya ɗora wa Sai-Gobe laifi, ya yage ta tun bai kai ƙarshe ba. A waje matar direba na wanki a famfo tana waƙa, tela na taka keken ɗinki, ba wanda ya san mutumin ɗakin ƙarshe na gumi kamar mai hawan dutse. Ta bakwai ba ta cika shafi ba. Ya ce mata bai ƙi karɓa ba, amma ba zai ce an zalunce shi ba, domin ƙaryar da ta dawo mata da wasiƙarta shi ya koyar da ita da hannunsa. Ya ce shekara goma sha tara ɗin kuwa ba kuskuren kowa ba ne, nasa ne. Ya ce bai san abin da ta rubuta ba, kuma ko zagi ne yana so ya karanta. Ya fara da "Uwata", ya rufe da sunansa.

Sannan ya nemo guntun fenti a wurin direba, ya rubuta sunan nan a jikin ƙofarsa da manyan baƙaƙe, fentin na zuba. Tela ya fito yana rataye da tef a wuya, ya tsaya ya karanta a bayyane.

"Sabon ɗan haya za a sa a ɗakinka, Wasiƙa?"

"A'a. Tsohon ne."

Tela ya sake karantawa, ya buɗe baki, ya tuna ambulan ɗin da Sai-Gobe ya zo da shi kwanakin baya. Ya ce, "Innalillahi," ya koma shagonsa, kuma keken ɗinkin bai sake motsi ba sai can an jima.

Ran Litinin ya bi layi a gaban kanta kamar kowa, ya yi wa wasiƙar rajista. Mai sayar da kan sarki ta juya ambulan ta ga sunan mai aikowa, ta ce, "Aiken wa aka ba ka?" Ya ce nasa ne. Da idonsa ya ga an jefa ta a buhu, aka ɗaure, aka buga dalma.

Sai-Gobe ya daina zama a benci. Ya koma shan shayinsa a tsaye bayan ofis, kuma abin mamaki, ya daina cewa sai gobe. Kullum da safe shi ke fara isa ƙofar keji, ya karɓi rajistar shiyyarsa, ya duba, ya waigo ya girgiza wa Baba Tara kai daga nesa. Sau ɗaya ya gwada kiransa da sunan nasa na gaskiya. Ya fito masa wani iri, kamar takalmin aro, duka biyun suka kau da kai. Baba Tara bai riƙe shi a zuci ba, amma ya rasa abokin benci, ga shi dama ɗaya ne.

A kwana na goma sha shida Sai-Gobe bai girgiza kai ba. Ya taho da ambulan riƙe da hannu biyu, bai ba shi a nan ba. Ya ce doka ta ce a gida. Da la'asar ya biyo shi har ɗakin ƙarshe kusa da famfo, ya tsaya gaban ƙofar da aka rubuta wa suna, ya ƙwanƙwasa, alhali mai ɗakin na tsaye a bayansa riƙe da makulli. Baba Tara ya sa hannu. Sai-Gobe ya tafi da sauri, bai yarda sun haɗa ido ba.

Tun daga nesa ya riga ya gane ambulan ɗin. Nasa ne. Rubutunsa ne, kan sarkin da ya lasa da harshensa, baki a liƙe yadda ya liƙe shi. Ya shiga ya zauna bakin gado, ya juya bayan. Gida huɗu, an ja wa na huɗu layi.

Ya daɗe a zaune. Ya ji abin ya sauka masa a ƙirji, nauyi sosai, ya bar shi ya sauka, domin ya san ya cancanta. Ga abin da ta ji ke nan ranar da tata ta koma. Ya yi kuka, ba da sauti ba, don bangon gidan ba shi da kauri.

Da ya share ido sai ya matsa kusa da taga, ya ɗaga takardar a haske. Shekara ashirin da shida yana ganin irin layin nan, ya san kala-kalarsa. Akwai wanda ake ja a tsaye a ƙofar gida, a kan gwiwa ko a jikin bango, mutum na kallonka yana cewa ba ya so. Wannan yakan fito a karkace, biro ya huda takarda. Akwai kuma wanda ake ja a zaune a kan tebur, da yamma, takalmi a cire. Wannan na hannunsa miƙaƙƙe ne, sumul, ba huji. Ya sake karanta adireshin da ke jikin ambulan, wanda Yaya ta ba shi. Hawa na huɗu.

Zai yiwu ta ƙi. Tana da hakkin ta ƙi, kuma mai tsabtar aiki yana iya komawa ofis ya ja layinsa a kan tebur bayan an kore shi daga ƙofa. Amma zai yiwu kuma a can garin akwai wani mai ciwon gwiwa, wanda ya ɗaga kai ya kalli bene, ya tuna abin da wani tsoho mai tausayi ya koya masa ranar da ake ruwa. Ba yadda za a yi ya sani. Shi da bakinsa ya ce ba mai tasowa daga wani gari ya tambaya.

Ya jawo aljihun tebur. Ambulan ɗin da ya saya shekara goma sha tara da suka wuce suna nan a ledarsu, sun yi ja a gefe, guda ɗaya kawai ya taɓa cirewa. Ya zaro na biyu. Bai buɗe wanda ya dawo ba. Ya ninke shi yadda yake, da layinsa da tambarinsa, ya zura a cikin sabon. Ya rubuta sunanta a sama, a hankali, kafin titi, kafin gari. A can ƙasa, gefen da ya san idon ma'aikaci zai fara sauka, ya ƙara layi ɗaya da ƙananan baƙaƙe:

"Ɗan'uwa, na san benen da tsawo. Don Allah ka hau."